Ruwan Rijiyarmu da Motar da Ta Ƙi Hucewa

Tun da na dawo daga Lome ban huta ba. A majalisa, a rumfar albasa, har a bakin masallaci, tambayar ke nan: yaya na ga teku, da gaske ne mata ke tuƙa babur, me ya sa tafiyar da ake yi a kwana biyu ta cinye mana kusan mako. Kowa na ba shi guntu sai ya tafi ya ƙara nasa gishiri, har na ji ana cewa wai motata ta kama da wuta a Binin. Ba ta kama da wuta ba. Ga yadda aka yi, kowa ya karanta ya bar ni in sayar da albasata.

Kawu Garba, yayan mahaifiyata, ya bar ƙauyenmu na ƙasar Argungu tun ban zo duniya ba. Ya bi motar shanu zuwa kudu, ya zama direban babbar mota, ya yi aure a Zongon Lome, ya tara iyali a can. Ni muryarsa kawai na sani a waya. Da ciwo ya kwantar da shi, 'yarsa Rakiya ta kira ƙanensa, Kawu Manu, ta ce likita ya sallame su, ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Ta ce tsohon ba ya neman komai sai abu guda: yana so ya sha ruwan rijiyar gidan ubansu kafin ta Allah ta kasance.

Kawu Manu bai yi shawara da kowa ba. Ya zo rumfata ya ce, "Sani, gobe za ka kai ni wurin Yaya." Na ce to. Motata tsohuwa ce, akwala, na saye ta don ɗaukar buhunan albasa zuwa kasuwannin ƙauye, kuma tuƙi kawai na iya. Amma ba ta taɓa kunyata ni ba.

Na ce a zuba ruwan a jarka. Kawu ya dube ni kamar na zagi kakanmu. Ya ce ruwan jarka warin roba yake yi, Yaya kuma ruwan salka ya sani. Ya ɗauko salkar ɗan akuya, ya ja guga da hannunsa ya cika ta, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya ɗaure a gaban motar, a kan raga, yadda ya ga direbobin hamada na yi don iska ta riƙa sanyaya ruwan. Duk inda muka tsaya kuwa, kafin in kashe mota ya fita ya kwance ta, ya rungume ya kai inuwa kamar jariri. Bai yarda mai baƙin mai a hannu ya matso kusa da ita ba.

A iyakar Tsamiya muka fara ba mutane dariya. Wani jandarma a ɓangaren Binin ya ɗauka fetur muka ɓoye a fatar. Ya shinshina, ya latsa, ya ce a kwance baki. Da ya ga ruwa ne, sai ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Da gurɓatacciyar Hausa ya tambayi Kawu, "Baba, Togo babu ruwa?" Kawu ya ba shi labarin ɗan'uwansa. Mutumin ya ɗaure bakin salkar da kansa, ya ce Allah ya sa mu tarar da shi.

Mun bar Sagbana ba da nisa ba allurar zafi ta fara hawa. Na yi kamar ban gani ba, ta kai ja. Na tsaya, muka jira inji ya huce, na ƙara ruwa daga jarkar da na ɗauko, muka ci gaba. Kafin Kandi mun yi haka har na daina lissafi. A Kandi wani bakanike Badendi ya ce fanbel ne ya saki. Ya ɗaure, ya tayar da mota ya bar ta tana aiki, muka sha shayi muka gama, allura na tsakiya ba ta motsa ba. Na yi masa godiya har da ɗaga hannu biyu. A nan muka kwana, a zauren wani mai goro da bai san mu ba. Jin Hausa a bakinmu kawai ya sa ya aika cikin gida a ƙara tuwo. Abin da na lura tun daga nan har Lome shi ne kowane gari da zongonsa, kuma baƙo ba ya kwana a tasha in dai ya iya sallama.

Da safe muka kama hanyar Faraku. Ba mu yi nisa ba allura ta koma gidan jiya. Wallahi raina ya ɓaci, har na zagi Badendin nan da ba ya kusa, Allah ya yafe mini. Daga nan kowa ya zama likitan motata. Wani mai shayi a bakin hanya ya ce lagireto ne ke yoyo ta inda ido ba ya gani, ya fasa ɗanyen ƙwai ya zuba a ciki, ya ƙi karɓar ko sisi. Can gaba wani direban tirela ya ce ƙwai wasan yara ne, garin kuka ke toshe ɓula, ya buɗe ƙullin miyarsa ya ɗiba mana. A Faraku bakanike ya cire wani ɗan ƙarfe da ke tsare hanyar ruwa har inji ya ɗumama, ya ce don ƙasar sanyi aka yi shi, ya miƙo mini in jefar. Na jefa a aljihun mota. Shi ma ya bar ta tana aiki a tsaye, lafiya lau.

Ba zan ɓoye ba, na ci abinci a Faraku. Sakwara suke kirɓawa a gabanka, mata uku a turmi ɗaya, su zuba miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Kawu ya taɓa loma biyu ya ture kwano. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da rana ta take sai gari ya mutu. Shago a rufe, ofis a rufe, bakanike ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ya yi barcinsa, wai lokacin hutu ne. Mu da muke sauri kamar mu yi tsuntsu, haka muka zauna muna kallon juna.

A Jugu aka tsorata ni. Bakaniken can ya ce gaskit ya ƙone, sai an sauke kan inji, a aika Kwatano a kawo kaya. Muna cikin maganar Rakiya ta kira. Na ji muryarta daga inda nake tsaye: tsohon ya daina cin abinci, yakan farka ya tambaya ko Manu ya iso. Na ce, "Kawu, mu bar motar nan ta mutu a nan, mu shiga ta haya." Ya ce, "Wa za mu bar wa hanyar abincinka a ƙasar da ba ka san kowa ba? Mu lallaɓa." Ni kuwa a lokacin da za a ba ni ashana, ban san abin da zan aikata ba.

Muka tsallaka Togo ta wajen Kara muna rarrafe. Tsakanin Kara da Sokode akwai hawa mai tsawo a kan dutse, inda manyan motoci ke nishi kamar masu naƙuda. A tsakiyar hawan nan motata ta yi tsaki, tururi ya turnuƙe gilashi. Na gangara gefe. Jarka babu ko ɗigo, na ƙarar tun a ƙasa. Babu gida, babu rafi, motocin da ke hawa kuma ba mai iya tsayawa, don in ya tsaya ba zai tashi ba. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji. Rana ta fara karkata.

Wayar ta sake ƙara. Kawu ya saurara, bai ce komai ba sai "To, 'yata. To." Ya daɗe zaune a kan dutse da salkar a cinyarsa. Dama ta rame, kwanaki tana tsattsafo a hanya. Can ya ce in ba shi 'yar gorar roba da na sha lemo a ciki. Ya ɗauraye ta, ya cika, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Sannan ya miƙo mini salkar.

Na ce, "Kawu, a'a. Mu ƙara jira."

Ya ce, "Gara in je masa da hannu wofi yana numfashi. Zuba."

Na zuba. Lagireto ya shanye tas. Kawu ya juya baya bai kalla ba. Ya ninke fatar da buhun ya jefa a but.

To, abin mamaki. Daga dutsen nan har Lome allura ba ta sake kai ja ba. Ta ɗan haura tsakiya kaɗan, ta tsaya cak. Muka wuce Sokode, muka kwana a Atakfame, muka tashi da asuba, mota na gudu kamar ranar da aka ƙera ta. Kawu ya ce albarkar rijiyar kakanni ce. Ni ma na yarda, don ban ga wani dalili ba.

Zongo tana bakin gari in ka fito daga arewa, saboda haka mun shige ta kafin mu ga Lome ɗin kanta. Sai ka rantse a gida kake: kiran salla, masu tsire, mata da mayafi, tumaki a kan hanya. Amma da ka buɗe kunne ka san ka yi nisa. Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli duk da Hausa suke ciniki, yara kuma su fara magana da Hausa su ƙarasa da Faransanci ba su ma san sun sauya ba. Na tambayi wani mai babur gidan Garba direba, ya ce, "Baba Shofar? Bi ni." Ya kai mu har ƙofa, ya juya ya tafi abinsa.

Rakiya ce ta tare mu. Doguwar mace, 'yar kasuwar atamfa a Adawlato, babbar kasuwar Lome, idanunta sun kumbura don rashin barci. Ta durƙusa ta gaida Baba Manu, sannan ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi motar. Ta ce, "Wannan ne taubashin nawa? Da jaki ka ɗauko, da kun riga haka isowa." Na ce ai ban san bayinmu na Togo sun yi baki haka ba. Ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka.

A soro Kawu ya gaya mata abin da ya faru da ruwan. Ta ce, "Baba, a cika fatar da ruwan famfo mana. Bakinsa ba ya jin ɗanɗano yanzu, ba zai gane ba." Kawu ya ce shi bai taɓa yi wa Yaya ƙarya ba, ba zai fara yau ba. Amma na ga ƙafarsa ta yi nauyi a bakin ƙofar ɗakin.

Kawu Garba na kwance a kan katifa a ƙasa, ya zama ƙashi da fata, sai manyan hannuwa irin na wanda ya yi shekaru yana murɗa sitiyari. 'Yan'uwan nan biyu suka riƙe hannun juna. Kawu Manu ya ce, "Yaya." Shi kuma ya ce, "Manu, ka tsufa." Daga nan gaisuwa, wane yana nan, wane ya rasu, gonar fadama wa ke noma ta. Kawu Manu na ta jan gaisuwar, na san abin da yake gudu.

Sai tsohon ya juyo gare ni. "Kai ne ɗan Hajo? Me ya tsare ku a hanya?"

Na ce mota ce ke zafi, Kawu. Wallahi kamar na watsa masa ruwa a fuska. Idonsa ya buɗe, ya ce Rakiya ta tayar da shi ta jingina shi da bango.

"Tana tsaye take zafi ko tana gudu?"

"Tana gudu. In ta tsaya a gareji, lafiya lau."

"To ba fanka ba ce. Wadda fankarta ta mutu a tsaye take tafasa. Ka duba baƙin mai? Ya yi fari kamar an zuba madara?"

"A'a, baƙi ne."

"Farin hayaƙi a bututun salansa?"

"Babu."

"To wanda ya ce gaskit ne bai duba ba. Ka taɓa ganin ruwa a ƙasa inda ta kwana?"

Na ce ban gani ba. Na ba shi labarin ƙwai da kuka da ɗan ƙarfen da aka cire. Ya rufe ido ya ce, "Kun yi mata miya ke nan, saura tuwo." Ya huta kaɗan, numfashinsa na fita da ƙyar. Sannan ya ce motar da ke zafi sai tana gudu, ɗayan biyu ne: ko ruwa ba ya zagayawa, ko iska ba ta shiga. Ya tambaya yanzu tana yi. Na ce ta daina tun daga hawan dutsen nan na gaban Kara.

"Mota ba ta warkewa don kanta. Me kuka sauya a dutsen?"

Na dubi Kawu Manu, shi kuma ya dubi tabarma. Can ya ce, "Yaya, ruwanka na zuba mata. Ruwan rijiya. Na cika salka na ɗauko maka, ta ƙafe a kan dutse, babu kowa. Ka yafe mini."

Tsohon bai nuna ya ji neman gafarar ba. Ya ce, "A ina ka ɗauko salkar?"

"A gaba na ɗaure ta, kan raga, da jiƙaƙƙen buhu. Don ta yi sanyi."

"In an kai gareji fa?"

"Kwancewa nake yi."

Kawu Garba ya fara dariya. Dariya marar ƙarfi, tana haɗe da tari, har Rakiya ta tsorata ta riƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Manu, Manu. Ka toshe mata hanci, ka ce ta yi gudu. Masu hamada a gefe suke ratayewa, a gefe." Ya share ido da bayan hannu. "Tun muna yara haka kake. In ka so mutum sai ka kusa kashe shi."

Ni kunya ta kama ni, ni da na zauna a bayan sitiyari ina kallon buhun nan tun daga gida. Kawu Manu kuwa ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar gorar, ya ce, "Abin da ya rage ke nan."

Rakiya ta kawo cokali. Tsohon ya ture, ya karɓi gorar da hannu biyu ya kurɓa. Ya riƙe ruwan a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ya ce, "Har yanzu da kanwa-kanwarsa." Kawu Manu ya ce har yanzu. Ya ce, "Ba shi da daɗi ko kaɗan, Manu. Shekara da shekaru ina mafarkinsa." Ya rufe gorar da kansa ya tura ƙarƙashin matashi. A ranar ya sha koko rabin kofi, abin da Rakiya ta ce ya kwana biyu bai yi ba.

Washegari ya ce shi fa sai ya ga motar. Aka yi, aka yi, ya ƙi. Aka ɗauko shi a kujera aka ajiye a inuwar ƙofar gida. Ya aika aka kira mutum biyu da suka yi masa yaran mota a da, yanzu kowa da garejinsa da furfurarsa. Suka zo da gudu, suna kiransa "Patron", wato maigida, suna durƙusawa. Yana zaune yana ba da umarni da yatsa: a mayar da ɗan ƙarfen nan da aka cire, don ba a banza aka sa shi ba, a sauya murfin lagireto, robarsa ta mutu, a kwance tiyon ƙasa a wanke cikin tas. Maƙwabta suka taru, mai koko ta matso da tukunyarta, aka mai da abin kamar biki.

Da aka kwance tiyon, ruwa ya zubo, kore-kore, da yauƙin kuka da gutsattsarin ƙwai. Ya malala a ƙofar gidan, jar ƙasar ta tsotse shi muna kallo. Kawu Manu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ga ruwanka nan, Yaya, ya tafi a banza."

Tsohon ya daɗe yana kallon wurin da ya jiƙe. Ya ce, "Bai tafi a banza ba. A ƙasar nan za a sa ni. Gara ta san ruwan gidanmu."

Ɗaya daga cikin tsofaffin yaransa ya koma ƙarƙashin mota, ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke bukata.

Masu tambayar teku, e, na gan shi. Rakiya ta ɗauke ni a bayan babur ɗinta, ina riƙe da ƙarfe ina salati, ta ratsa da ni unguwar Tokwan har Adawlato, inda atamfa ta yi tsiri har rufi kuma mata ne ke da kasuwar. Daga nan muka leƙa bakin ruwan. Yana da girma, yana da ƙara, ba a sha. Na ci dogon burodinsu mai tauri da wake da shinkafa da baƙin yaji, na sayo wa maiɗakina turmi ɗaya bayan Rakiya ta gama yi mini tsiya a kan rowar mutanen Kabi. Iyakar yawon da na yi ke nan, don hankalina na gida wurin tsofaffin.

Ranar da za mu taso, Kawu Garba ya riƙe hannuna ya ce in riƙa duba ruwa da safe kafin in tayar, kuma kada in sake barin mai shayi ya taɓa mini inji. Da ƙanensa kuwa ba su yi doguwar sallama ba. Ya ce, "Ka gaida gida." Kawu Manu ya ce, "Za su ji." Motar ba ta yi zafi ko sau ɗaya ba har gida.

Ba mu daɗe da dawowa ba Rakiya ta kira da hantsi. Ina rumfa, Kawu Manu na zaune a kan buhu kusa da ni, na miƙa masa wayar. Ya saurara, ya yi salati, ya yi addu'a, ya tambayi lokacin jana'iza. Sannan ya ce, "'Yata, ragowar ruwan fa?"

Na ji amsarta. Ta ce kullum da safe yakan kurɓi kaɗan ya mayar ƙarƙashin matashi, jiya ya ce a ɗaga masa gorar har ƙasa.

"Ya shanye?"

"Ya shanye, Baba."

Kawu ya miƙo mini wayar, ya ja hularsa ya rufe fuska. Na sallami mai sayen albasar da ke tsaye, na ce ya dawo gobe.